Wilma Mai Girkin Jirgi

Wilma Dunkel ta tashi a wata gona da ke bakin garin Wendell, a jihar Ohio. Tun tana ƙarama ta san kanal, wato tsohuwar hanyar ruwan garin, a matsayin wurin da ba a zuwa. Mutanen da ne suka haƙa shi da shebur, alfadarai suna jan jiragen kaya a cikinsa daga gari zuwa gari, amma kafin a haife ta jirage sun daina bi. Abin da ta tarar dogon rami ne mai koren ruwa da sauro, inda mutane ke jefa tsofaffin tayoyi da mataccen firji. Idan ita da ƙannenta suka dawo gida da taɓo a ƙafa, mahaifiyarsu takan ce, "Ku dube ku, sai ka ce ɓerayen kanal." Ba su taɓa tambaya su waye ɓerayen ba.

Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Orval, mai walda, mutum mai sanyin magana wanda ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce shi. Suka haifi 'ya ɗaya, ta girma ta yi aure a nesa. Wilma ta yi shekara ashirin da shida tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, kuma a nan ta samu muryar da duk garin ya sani. Idan ta ce "A zauna!" ko yaron da ke kujerar ƙarshe sai ya nemi wuri.

Orval ne ya fara kamuwa da ciwon kanal. Shi da wasu abokansa shida suka ce za su yashe ramin su maido da ruwa. Kowace Asabar sai ya sa dogon takalmin roba ya fita, ya dawo da yamma yana wari.

"Tsaya nan bakin ƙofa," in ji Wilma. "Kada ka shigo min da wannan doyin. Tsofai-tsofai da ku kuna wasa da laka."

"Yau mun ciro injin wanki biyu da rabin mota."

"To Allah ya ba ku sauran rabin."

Duk da haka ita ke kai musu abincin rana. Shekara goma sha ɗaya suka yi suna wannan aiki, babu mai biyan kowa. Suka share mil ɗaya da rabi, suka gyara tsohuwar ƙofar ruwa, wato ɗakin dutsen nan mai ƙyaure biyu da jirgi ke shiga a rufe shi ruwa ya ɗaga shi. Suka ƙera jirgi da hannunsu. Wani manomi mai suna Merle ya kawo alfadarai biyu, Tilly da Duke. Orval ya sa hular kyaftin, aka ce saura mai girki, domin kowane jirgi a da yana da mace mai girki.

Wilma ta ce atafau ba za ta sa kayan 'yan wasan kwaikwayo ba. Bayan mako biyu ta ɗinka doguwar riga da farin ƙyallen gaba mai leshi a baki, ta ce na bazara ɗaya ne, kafin su samu wata.

Bazara bakwai suka wuce ba su nemi wata ba.

Daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta wurin ba ya rabo da mutane. Wani tsohon ɗan sanda yana ƙira a rumfa, yana buga wa yara ƙusa su tafi da ita gida. Matan coci suna koya musu tsoma lagwani a narkakken kaki har ya zama kyandir. Akwai masu tufka igiya, akwai mai goge a gindin bishiya, ranar Lahadi kuma a yi gasar kamun kifi wadda ba a cika kama komai ba. Amma jirgi shi ne gaba. Sau huɗu a rana Merle yana jan alfadarai a bakin ruwa, Orval yana riƙe da sandar tuƙi a baya, Wilma kuwa tana tsaye kusa da ɗan murhunta tana ba da labari. Wani malami mai ritaya ne ya rubuta mata shi daga littattafai, ta haddace, ta ƙara masa gishiri nata. Tana jin daɗin aikin fiye da yadda take yarda ta faɗa.

Wata Asabar a cikin Yulin 1994, motar gidan tsofaffi ta kawo baƙi tara. Aka shigar da su jirgi a hankali. A cikinsu akwai wata 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa a keken guragu, da bargo a cinya duk da zafin da ake yi. Aka ajiye ta daf da murhu.

Jirgi ya tashi, Wilma ta soma. Ta ce da asuba mai girki za ta ɗaura farin ƙyallenta, ta shimfiɗa mayafi a tebur, iyali su zauna su karya kumallo tare, yara kuma suna guje-guje a rufin jirgi suna kallon gonaki.

"Ƙarya ne," in ji tsohuwar.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa ya ji. Wilma ta yi murmushin da take yi wa yara masu katsalandan, ta ci gaba.

"Na ce ƙarya ne, yarinya. Wa zai sa farin ƙyalle a jirgin da ya ɗauko gawayin kwal? Kafin ki ɗora ruwa ya zama baƙi. Kuma wane tebur? A gwiwa ake cin abinci, ɗaya bayan ɗaya, don jirgi ba ya tsayawa saboda cikin wani."

Wilma tana da shekara sittin da uku, rabon da a kira ta yarinya har ta manta. Ta ce, "Iya, a littafi muka samo shi."

"Wanda ya rubuta littafin bai taɓa kwana a jirgi ba. Wannan murhun ma, ki matsar da shi daga jikin katako kafin ki ƙone mutane. Yara kuma ba sa gudu a rufi. Ɗaure su ake yi da igiya a ƙugu."

Wani mutum ya yi dariya. Ma'aikaciyar da ta rako su ta sunkuya tana cewa, "Haba Misis Trimble, ki bar ta ta yi aikinta." Wilma ta ƙarasa labarin da ƙyar, tana tsallake duk inda take jin za a sake kama ta. Kunya ba ta sake ta ba har aka sauka.

A gida ta dinga buga tukwane. Orval yana zaune yana cire takalmi, yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Yi dariyarka a fili, Kyaftin, kada ta shaƙe ka."

"Ni ban ce komai ba, uwargida."

"A gaban mutum talatin! Shekara bakwai ina wannan aiki, sai yau wata tsohuwa da ba ta fi buhun masara nauyi ba..."

"Amma kin san zancen murhun gaskiya ne. Tun bara nake son faɗa miki."

"To me ya hana ka?"

"Ina son raina."

Ta jefe shi da tsumma. Amma abin bai bar ta ba. Zancen igiya a ƙugu ne ya tsaya mata. Babu wanda zai ƙirƙiro wannan daga kansa. Ranar Talata ta gasa kek ɗin tuffa, ta tuƙa zuwa gidan tsofaffin, ta tambayi ɗakin Misis Trimble.

Ta same ta a bakin taga. Sunanta Opal, shekararta casa'in da ɗaya. Ta dubi Wilma sama da ƙasa.

"Au, mai farin ƙyalle. Faɗa kika zo?"

"Da niyyar faɗa na fito. A hanya ta huce."

"Me ke cikin kwanon?"

"Kek."

"To zauna. Ba ni da haƙoran kirki, amma zan yi ƙoƙari."

Ta ci yanka guda, ta ce sukari ya yi yawa, ta nemi ƙari. Sannan Wilma ta tambaye ta yadda aka yi ta san jirgi haka.

"A cikinsa aka haife ni," in ji Opal. "Tsakanin ƙofar ruwa ta goma sha tara da ta ashirin. Babana bai ko tsayar da alfadarai ba."

Daga ranar, kowace Talata Wilma tana can da littafin rubutu a cinya. Opal ba ta ba da labari a jere. Sai ta fara da yadda ake jiƙa wake ta ƙare da sunan wani kare. Amma a hankali abin ya haɗu. Jirginsu ɗaki uku ne: iyali a baya, alfadaran da ke hutawa a tsakiya, kaya a sauran wurin. Da sanyin safiya yara sukan shiga wurin alfadarai don ɗumi. Abinci wake ne da naman alade mai gishiri da burodin masara, yau da gobe da jibi, sai fa in an wuce gonar da masara ta nuna kusa da ruwa. "Layi uku na bakin ruwa namu ne," in ji ta. "Manoma ba su yarda ba, amma mu mun yarda." Mahaifiyarta ce ke tuƙi rabin yini, ta jingina ƙugunta da sandar, hannayenta suna fere dankali. Takalmi kuwa sai hunturu, lokacin da ruwa ya daskare aka ɗaure jirgi, yara suka shiga makaranta wata uku.

A Talata ta huɗu ne Wilma ta tambayi zancen igiya. Opal ta daɗe tana gyara bargonta.

"Ina da ƙane, Emmett. Shekararsa uku, ni bakwai. Mun shiga ƙofar ruwa, kowa yana kan aikinsa, aka ce in riƙe shi. Na riƙe shi. Sai na ga wata mata a saman dutse da jar lema, ban taɓa ganin irinta ba. Kallo ɗaya na yi. Ruwan wurin yana juyawa in an buɗe masa. Sai da aka zubar da shi duka kafin a same shi. Daga nan Mama ta fara ɗaure mu. Sauran jirage sun daɗe suna yi, ita ce take cewa 'ya'yanta ba awaki ba ne."

Wilma ta ajiye biro. Ta jawo kujerarta kusa, ta riƙe hannun tsohuwar. Hannun ba shi da nauyi ko kaɗan.

"Ba su taɓa ce min laifina ne ba," in ji Opal. "Da ma sun faɗa sau ɗaya, in yi kuka in huta."

"Shekararki bakwai, Iya."

"Na sani. Na daɗe da sanin lissafin."

Shekara uku bayan rasuwar Emmett aka yi babbar ambaliya, ta fasa kanal, ta ɗauki jirginsu ta kifa shi a gonar wani. Mahaifinta ya shiga aikin masana'anta, bai ƙara ambaton ruwa ba har ya mutu. A makarantar gari yara suka dinga toshe hanci idan Opal ta wuce, suna kiranta ɓeran kanal. Sai ta koyi yin shiru. Ta yi aure, ta haihu, mijinta ya rasu bai san inda aka haife ta ba.

Wilma ta ji kunya ta rufe ta. Ta ce, "Mahaifiyata ma haka take kiranmu in mun yi datti. Ban san mutane ake nufi ba."

"Mutane ne. Kuma da gaske muna da datti, ba ta yi ƙarya ba. Miƙo min ruwan can."

Wilma ta tafi gida ta rina ƙyallenta ya koma ruwan ƙasa, ta farke leshin. Orval ya matsar da murhu, ya sa masa faranti na ƙarfe a baya. Ta cire tebur daga labarinta, ta sa wake da masarar sata da ɗumin alfadarai. Da ta ce za ta faɗi zancen Emmett, kwamitin masu kula da kanal ya rabu biyu. Wasu suka ce iyaye suna kawo yara ne don su yi nishaɗi, ba don a tsorata su ba. Wilma ta ce ta kwashi yara shekara ashirin da shida, ta san abin da suke iya ɗauka. Amma ba ta yanke hukunci ba sai da ta tambayi mai labarin.

Opal ta yi tunani, ta ce, "Ki faɗi sunansa. Ba shi da dutse a kabarinsa, ban ma san inda kabarin yake ba yanzu. Amma ban da zancen lema. Wannan nawa ne."

Haka aka yi. Yara ba su tsorata ba. Sukan yi tsit, su taɓa igiyar da Wilma ta ɗaura a zoben rufi, wasu su tambaya ko yana da kare.

A Asabar ta ƙarshe ta Agusta ake babban bikin rufe bazara. Tun safe an kafa rumfuna, ana gasa masara, mai goge ya samu abokai biyu, matan coci suna juya tuffa a ƙatuwar tukunyar tagulla. Wilma da kanta ta je ta ɗauko Opal. Tsohuwar ta sa rigar zuwa coci, an gyara mata gashi. Da aka zo shiga jirgi za a ajiye ta kusa da murhu, ta ce a'a.

"Baya za ku kai ni. Wurin sanda."

Orval ya dubi matarsa. Wilma ta ɗaga masa gira, sai ya matsa. Jirgi ya tashi, Opal ta ɗora hannu a sandar tana zaune, ta yi tsaki.

"Ba a tuƙi a zaune. Yarinya, ɗaga ni."

"Iya, ƙafafunki..."

"Na san ƙafafuna, tare muka tsufa. Ɗaga ni."

Wilma ta zagaya bayanta, ta sa hannu biyu ta rungume ta a ƙirji, ta miƙar da ita. Opal ta lalubi sandar da ƙugunta ta jingina. Da farko jirgin ya nufi gaɓa, Orval ya miƙo hannu, ta ce, "Kul!" Ta ɗan karkata jiki, jirgin ya dawo tsakiya kamar an ja shi da zare. Wilma tana jin bugun zuciyar tsohuwar ta cikin rigar, da sauri-sauri kamar ta tsuntsu.

"Kai, mai alfadarai!" Opal ta ɗaga murya. "Igiyarka tana shan ruwa! Barci kake yi?"

Merle, wanda ya ba saba'in baya, ya waigo ya cire hula ya ce, "A yi haƙuri, ranki ya daɗe!" Ya tsuke igiya. Mutanen jirgi suka fashe da dariya da tafi, amma Opal ba ta ko kalle su ba. Idonta yana kan ruwa.

Da suka hango ƙofar ruwa Wilma ta ji jikin tsohuwar ya ƙage. Ta raɗa mata, "In zaunar da ke?"

"A'a. Riƙe ni dai da kyau."

Ita ta shigar da jirgin tsakanin bangon dutse biyu, bai goga ko'ina ba. Aka rufe ƙyaure, aka buɗe wa ruwa, ya shigo yana tafasa yana juyawa. Opal ta kalle shi tun daga farko har jirgi ya gama ɗagowa. Hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba, Wilma kuma hannayenta duka biyu suna riƙe da ita. Da aka buɗe ƙyauren gaba ta ce, "To, ya isa. Kyaftin, karɓi kayanka. Ka iya walda, an ce, amma tuƙinka sai a hankali."

Ta ƙara bazara ɗaya a duniya. Kowace Asabar Wilma tana kawo ta, a ajiye ta a inuwa kusa da maƙera, tana gyara wa kowa aikinsa. Masu tufka igiya sun fi kowa shan wuya. A watan Fabrairun 1996 ta rasu a cikin barcinta.

Danginta huɗu ne suka zo jana'iza. 'Yan kanal kuwa sun haura talatin, har da Merle da ya sa kwat ɗin da ya matse shi. Bayan an dawo daga maƙabarta, ana shan gahawa a zauren coci, wata mata mai kimanin shekara arba'in ta matso kusa da Wilma. Ta ce ita jikar marigayiyar ce, sunanta Corinne, daga Toledo ta zo.

"Ki gafarce ni," in ji ta, "amma ku su waye? Ban san Kaka tana da mutane haka ba."

Wilma ta dube ta. Haɓarta irin ta Opal ce sak.

"Kina sauri ne?"

"Sai gobe zan koma."

"To ɗauko kujera, 'yata. Ki ƙaro mana gahawa tukuna, labarin yana da tsawo."

Sun zauna har aka fara kwashe tebura. Corinne ta dawo a watan Yuni da 'ya'yanta mata biyu, kuma ba ta fasa zuwa ba kowace shekara.

Wilma ta ci gaba da girki a jirgi har ta kai shekara saba'in da takwas, lokacin da gwiwoyinta suka ƙi hawa matakala. Orval ya riga ta barin aiki da shekara biyu, idonsa ya yi rauni. Wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya ta karɓi murhun, Wilma ta zaunar da ita a kicin mako uku tana koya mata. Bayan haka, ranar Asabar, ita da Orval sukan zo da kujerun naɗewa su zauna a bakin ruwa. Shi ba ya ganin jirgin sosai, sai ya saurari takun alfadarai, ita kuma tana gaya masa mutum nawa ne a ciki da wanda ke tuƙi.